Alamata Ta Tsaya a Littafin Firistoci

Ma'aikaciyar jinya ta buɗe fage:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Abin da ke cina a rai game da karatun Littafi Mai Tsarki na sa a baiti, mai amsa ya amsa da baiti.

Ran 1 ga Janairu na ɗaura niyya,
Na ce bana ba zan yi fashi ba.

Littattafai 66, surori 1,189,
Na lissafa su, adadin bai ba ni tsoro ba.

Uku kullum, biyar ranar Lahadi,
Shekara ta zagayo, ba zan rage ko ɗaya ba.

Farawa ta tafi da ni kamar ruwa,
Yusufu a rijiya, ban iya ajiye shi ba.

Fitowa na bi sawun Musa,
Har teku ta tsage ban gaji ba.

Sai ga Littafin Firistoci, sai ga aikin dare,
Hadaya bisa hadaya, ido bai ɗauka ba.

In na tashi aiki in zauna bakin gado,
Takalmi a ƙafa, ban ko cire ba,

Littafi a cinya, aya biyu sai gyangyaɗi,
In farka rana ta take, ban juya shafi ba.

Yau kwana 40 alamata na sura 13,
Inda ake duba kuturta, ba ta gusa ba.

Har kunyar ɗaukarsa nake ji,
Kamar mai bashin da bai biya ba.

Ku faɗa mini, yaya kuke yi?
Ko ni kaɗai ce ban iya ba?

Direba ya amsa:

'Yar'uwa, sannu da aikin dare,
Ba ke kaɗai ba ce, in faɗa miki gaskiya.

Ni idona na kwalta ne tun asuba,
Hannu a sitiyari, ina zan ga aya?

Sai na ɗora wa kunne aikin ido,
Na saukar da karatun murya a waya.

Bisharar Markus sura 16 ce kacal,
Nakan ji ta duka kafin ƙarshen tafiya.

Ina tuna mutumin Habasha a karusarsa,
Ma'ajin sarauniya, yana karatun Ishaya.

Bai jira ya isa gida ya huta ba,
Filibus ya same shi ne bisa hanya.

Ya tambaye shi ko yana gane karatun,
Ni ma sau da yawa ita ce tawa tambaya.

Don babbar mota takan sha gabana,
Kan in dawo Bitrus ya gama musun Yesu, sai in mai da shi baya.

Uwar yara uku ta shigo:

Yaya direba, kai ka sami kunne,
Nawa yara sun raba shi, ba ya huta.

Ƙaramin na goye, na tsakiya na kuka,
In waiwaya, wani na shirin taɓa wuta.

Duk sanda aka karanta Luka sura 10,
Zuciyata takan koma gefen Marta.

Ai dole wani ya tashi ya yi hidima,
Baƙi a gida, ga Maryamu zaune, 'yar'uwarta.

Na daɗe ina jin zafin amsar Yesu,
Sai bara na natsu na sake karanta ta.

Sau biyu ya kira ta, "Marta, Marta,"
Kiran tausayi ne na wanda ya ga wahalarta.

Bai ce hidima laifi ba ce,
Damuwa ya gani ta cika ranta.

Yanzu aya ɗaya nake rubutawa da safe,
In liƙa inda nake wanki don kar in manta.

Hannu cikin kumfa, baki na bita,
Har babbar 'yata ta ji, ta kama, ta maimaita.

Dattijo ya ja hankali:

'Ya'yana, na ji ku, na kuma tausaya,
Amma ku bar tsoho ya faɗi mai ɗaci.

Aya ɗaya a bango abu ne mai kyau,
Sai dai lasa ce, jiki na son abinci.

Daniyel na cikin ukun da ke kan hakimai 120,
Wa ya fi shi a cikinmu nauyin shugabanci?

Sau uku a yini yana durƙusawa,
Ko da doka ta sa ramin zakoki a hukunci.

Ubangiji Yesu kansa, ku duba Markus 1:35,
Jiya gari ya taru a ƙofa, marasa lafiya cikin ƙunci,

Da sauran duhu ya tashi ya fita,
Ya nufi inda ba kowa, ya yanke barci.

Ba a tsintar sarari a ƙasa,
Yanko shi ake daga jikin wani lokaci.

Na yi shekaru ina cewa sai na yi ritaya,
Yau ga hutu, ido ya dushe, jikana ne makaranci.

Ɗalibi ya ɗaga hannu:

Baba, kibiyarka ni ta sama,
Ba ni da bakin cewa aiki ya cinye mini rana.

Wayar da Yaya ke jin Markus da ita,
Irinta ce safe da yamma a hannuna.

In buɗe Zabura, saƙo ya faɗo,
In ce bari in leƙa, awa guda ta ƙone a idona.

Ni ne irin da ya faɗa cikin ƙaya,
Matiyu 13 ta zana ni, saura suna.

Mutanen Biriya kullum suna bin Nassi,
Su ga ko Bulus na kan daidai a magana.

Su naɗaɗɗen littafi, ni ga shi a aljihu,
Sun fi ni natsuwa, na kasa in zauna.

Mako biyu ke nan na koma na takarda,
Waya kuwa a wani ɗaki take kwana.

Karin Magana sura 31 ce,
Ran 9 ga wata sai ta 9, ita ce rabona.

Uwar yara uku ta mayar wa Baba:

Baba, na karɓa, amma Daniyel
Yana da bene da taga, ba goyo a bayansa.

In Allah ya raya su suka yi wayo
Zan zauna in ci, yanzu dai a bar ni da lasa.

Dattijo ya sake:

Kin kama ni, 'yata, na sassauta,
Fitowa 16 ba ta bar ni da gardama ba.

Manna da safe ake tsintarta,
Mai yawa bai yi rara ba, mai kaɗan bai rasa ba.

Wanda ya ɓoye don gobe, tsutsa ta ci,
Ya wayi gari bai sami na baki ba.

Ke kuma mai jinya, wa ya rubuta miki bashi?
Jadawalin naki ne, Ubangiji bai sa hannu ba.

Shekara 40 tana sauka wa Isra'ilawa a jeji,
Ban ga inda aka ce a rama ta jiya ba.

Ma'aikaciyar jinya ta dawo:

Baba, Yaya, 'yar'uwa, ƙanena, na gode,
Ga labarin jiya, ban iya riƙe shi ba.

Ƙarfe 3 na dare, wata tsohuwa a gado,
Magani ya shiga, barci bai zo ba.

Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, Zabura,"
Na buɗe ta 121, ban yi dogon zaɓe ba.

Aya 8 ce, ina tsaye da safa a hannu,
Mai tsaronmu bai yi gyangyaɗi ba, bai yi barci ba.

Ita na karanta wa, ni hawaye ya zo wa,
Ta lumshe ido, ni ban iya matsawa ba.

Da na koma gida na cire takalmi,
Na buɗe sura 13, ban tsallake ba.

Firist ya duba tabon, ya keɓe mutum kwana 7,
Ya sake dubawa, bai yi gaggawa ba.

Na ce ashe aikina ne a rubuce,
Kwana 40 ina bakinsa ban gane ba.

Alamar ta koma sura 14,
Inda firist ya fita bayan zango, bai bar kuturu a can ba.