Babanmu zai cika 65, wane Medicare za mu zaɓa masa?

Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara, admin a ɓoye sunana. Babanmu ya fi shekara 20 yana tuƙa tasi a New York, watan Maris zai cika 65, lokacin shiga Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi. Tun yanzu takardun kamfanonin inshora sun cika mana akwati, jiya na tarar da shi zaune kan darduma ya baje su a gabansa, gilashi a kan hanci, ya ce min "ke kika yi boko, zaɓa min." Wallahi gabana sai da ya faɗi. Yana da suga yana allurar insulin, ga hawan jini, kuma duk shekara da sanyi ya shigo sai ya tafi Kano ya yi wata huɗu ko biyar. Wani ya kira shi a waya wai ya shiga Advantage, wato Medicare da kamfanonin inshora ke gudanarwa, ba ko sisi, har da haƙori da gilashi. Da gaske ne, ko mu tsaya a Medicare na asali na gwamnati?

Wata nas a Bronx: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da lokaci tukunna. Wata bakwai ake bayarwa don yin rajista, uku kafin watan haihuwa, watan kansa, da uku bayansa, kin ga naku daga Disamba ne zuwa Yuni. In ya yi sakaci da Part B, ɓangaren ganin likita, tarar kashi 10 na kuɗin wata ce a kan duk shekarar da ya makara, kuma ba ta sauka har ƙarshen rai. Ki duba masa a Social Security, hukumar fansho ta gwamnati, ko yana da kiredit 40, wato kamar aikin shekara 10 da biyan haraji, shi ne Part A na asibiti zai zo masa kyauta.

Wani dattijo, tsohon direba: 'Yata, wannan "ba ko sisi" ni ma da ita aka ja ni. Kuɗin Part B dai sai ka biya, a 2025 dala 185 ne duk wata. Na shiga, ashe likitan da ya san ciwona shekara da shekaru ba ya cikin jerinsu, a gaban tebur yarinyar ta miƙo min katina ta ce ba sa karɓa, ga ƙafa a kumbure, haka na dawo gida. Kuma ki faɗa wa Alhaji in ya wuce wata shida a waje cire shi za su yi daga Advantage.

Wata uwa daga Harlem: Na asali kuma kashi 80 na kuɗin likita yake biya, sauran 20 naku ne kuma ba shi da iyaka, shi ya sa ake ɗora Medigap a kai, wato ƙarin inshora mai cike wannan gibin, sai Part D na magani. Da tsada kam, amma duk likitan da ke karɓar Medicare a Amurka zai gan shi. Maganar Kano ce ta fi damuna, Medicare ba ya biyan asibiti a Najeriya. Plan G na Medigap yana ɗaukar kashi 80 na larurar gaggawa a ƙasar waje amma a kwana 60 na farkon tafiya kawai, shi kuwa Baba wata biyar yake yi, to ku ware kuɗin asibiti daban. Insulin dai ba ya wuce dala 35 a wata.

Wani ɗan uwa: Kar a kushe Advantage gaba ɗaya fa, mahaifiyata shi take yi kuma lafiya lau, don ba ta zuwa ko'ina. Ki kira HIICAP, shawara ce kyauta ta jihar New York ba 'yan kamasho ba ne, su duba ko ya cancanci Medicaid, inshorar masu ƙaramin ƙarfi, ko tallafin biyan Part B. Mai kiran wayan nan kuwa kar a ba shi lambar komai, doka ma ta hana su kiran mutum haka kawai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba direba na gode, na karanta wa babanmu naka ya yi shiru ya ce in fara tambayar likitansa wane kati yake karɓa. Anti nas, maganin wata uku za su iya ba shi lokaci ɗaya kafin ya tashi?

Nas: Kamfanonin inshora da yawa suna bayar da na kwana 90, ki je da jerin magungunansa ki tambaya kafin ku sa hannu.