Ziyarar ɗalibai zuwa gine-ginen gwamnati a Kano

Malama daga Kibiya:
Assalamu alaikum. Ina so in kai ɗalibaina birnin Kano domin su ga Majalisar Dokoki, sai dai ina fatan ziyarar ta haɗa da wuraren tarihin mulki da ke kusa. Daga ina ya kamata mu fara?

Dattijo daga Rano:
Wa'alaikumus salam, Malama. A ganina, ku fara da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, sannan ku tsallaka Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, inda yara za su ga tsoffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da kaurin katangar ƙasa, domin wanda bai ga mulkin gargajiya ba, da wuya ya fahimci na zamani.

Malami daga Ringim:
Gaskiya ne, Baba. Kada kuma a manta da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, shi da ya buɗe makarantar boko a 1909.

Dattijo daga Rano:
Majalisar tana da mambobi 40, kuma ya kamata shugaban makarantarku ya aika mata takardar neman izinin ziyara tun da wuri.