Dan Allah a ba ni shawara kan sayen kamara, kaina ya ɗau zahi

Ƙanwar Mai Ɗunki:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri rubutun da tsawo. Ni ɗiya mace ce ina zamne unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maraɗi, yayata tana ɗunki da kwalliyar amare, ni ke ɗaukar mata hoton kaya da portabul ɗina tana sawa a WhatsApp. To tun bara mata sunka fara kirana wajen wuni da suna, tunda kun san akwai gidajen da maigida ba ya yarda mai hoto namiji shi shiga cikin mata, wani wuri a ba ni jika biyu wani wuri a ce Allah shi yi albarka shi kenan. Ranar nan wata hajiya ta ce min gaban mutane wai da ta san da waya zan zo da jikanta ta sa ya ɗauka, walla hal yau maganar na cikin raina. Sai na shiga adashi, na kwashe watan jiya, na haɗa da kuɗɗin akuyata da inna ta saida min a ƙauye, yanzu jika 250 gare ni. Baba shi keken ɗunki ya so in saya, da ƙyar yayata ta lallashe shi, kun ga in abin bai yi ba ban san da wane ido zan dube shi ba. Wani mai butik ya nuna min kamara Canon 4000D da objektif biyu, wato gilashin da ake ɗaurawa gaban kamara, 18-55 da wani dogo 75-300. Wata ƙawata kuma ta ce Nikon ta fi. Bikin ɗiyar kawuna na nan tahe kuma na riga na ce musu ni zan ɗauka. Mi kuka gani?

Baban Studiyo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki taɓa 4000D, ta yara ce, hatta bakin da ake ɗaura objektif roba ne. Ki nemi Canon 5D Mark II okaziyon, magana ta ƙare. Ful firem ce, wato kaftar ɗinta, abin da ke kama hoton cikin kamara, babba ce, tana shan haske ko cikin ɗaki. Tun 2008 ta hito kuma hal gobe ana cin abinci da ita. Ni da ita na yi aure na gina gida.

Ɗan Tibiri:
Ba ki faɗa muna ba, hoto kaɗai ko da bidiyo? Kuma kamarar sabuwa ce cikin kwali ko ta hannu, nawa ya ce miki? In hoto ne ni Nikon D3500 zan ce, megafiksel 24 gare ta, 4000D kuwa 18, kuma batirinta na ɗaukar hoto wajen 1500 kahin shi mutu, da yadda ake ɗauke muna kuran lokacin zahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ki kiyaye abu guda, ba ta da motar fokas a jikinta, wato mai saita hoto shi hito tar da kanshi, in anka saida miki tsohon 50mm mai harafin D da hannu za ki ta murzawa. Mai AF-S ko AF-P za ki nema.

Maman Walida:
Ni dai ɗiyata ko wace iri kika saya ki ji tsoron Allah da hotunan mutane. Bikin babbar ɗiyata mun biya mai hoto kuɗɗinshi cas, wata biyu muna bi, yau ya tahi Katsina gobe uwarshi ba lahiya, daga baya ya ce wai kart ta lalace. Ko hoto guda na ranar kamu ba mu da shi sai na waya, uwar ango hal yanzu in mun haɗu sai ta tada zancen kamar ni na ci hotunan. Masu hoto ku gyara halinku.

Baban Studiyo:
Hajiya ba dukanmu ba. Irin 'yan koyon nan ne masu ƙananan kamarori, abin da nake faɗi kenan.

Ƙanwar Mai Ɗunki:
Na gode. Yaya Ɗan Tibiri dukansu nake so, hoto da ɗan bidiyo. Ta hannu ce amma kamar sabuwa, ko ƙwarzane babu, na riƙa ta ba ta da nauyi. Ni gaskiya dogon objektif ɗin ne ya burge ni, in ka shiga da shi ana ganin ka san aiki.

Malamin Lise:
Ƙanwata bari in tsaya kan dogon nan tunda shi ya ɗauke miki hankali. 75-300 na abin da ke nesa ne, dawakin hawan sallah a ƙofar sarki ko 'yan kokowa daga can saman benci. Ke kuwa ɗakin amarya za ki shiga, ga gado ga kabad ga mata goma sha, ko kin manna bayanki da bango fuska guda za ki samu. Kuma lambar f ɗinshi 4 zuwa 5.6 ce, ƙofar hasken ƙarama ce, ba shi da abin hana rawar hannu, ƙarƙashin ampul guda duk hoton zai hito dishi-dishi. Lambar f in tana ƙarama haske ya fi shiga, shi ya sa kowa ke son 50mm f/1.8, ga araha ga shi yana narkar da bayan mutum amarya ta hito ita kaɗai. Amma a kan ƙananan Canon ana ninka lambar da 1.6, sai ya zama kamar 80mm, na hoton mutum ɗaya ne ko biyu, na dangi sai ki koma 18-55.

Abin da ya fi damuna da 4000D biyu ne. Ba ta da ramin makirofo, bidiyonki duk guɗa da ƙarar lasifika zai kwasa. Sannan wurin ɗora filash a samanta babu ƙarfen nan na tsakiya, filash mai araha da yawa ba ya tashi a kai. Alhali aikinki na cikin ɗaki filash ne rabinshi, ki juya kanshi sama hasken shi bugi silin shi sauko a hankali, ba ki watsa ma amarya a fuska hoda ta yi ta ƙyalli ba. Da ni ne 600D ko 700D ta hannu zan nema, allonsu na juyawa, suna da ramin makirofo, sauran kuɗɗin in sayi filash, 50mm, batiri na biyu da kart biyu.

Baban Studiyo:
Malam wannan duk karatun intanet ne, mu a fili muke. Ka kai 600D bikin manya ka gani ko za su ba ka kujera.

Malamin Lise:
Alhaji da girmanka, 5D Mark II ba ta da filash a jiki, 18-55 na EF-S ba ya hawa kanta, kart ɗinta CF ce ba SD da ake samu kowane lungu ba, jikinta kaɗai ya wuce giram 800 kuma yarinya ce za ta wuni da ita a wuya. In ta zuba jika 250 a jiki da mi za ta sayi objektif? Ga shi irinsu yawanci masu studiyo sun gama tatse su, rufe-buɗen da take yi duk ɗaukar hoto wajen sau 150,000 kamfanin ya ƙiyasta.

Baban Studiyo:
Tawa ta wuce haka tana aiki. Ƙanwata ki biyo ni ta fage in haɗa ki da yarona, yana da guda zai saida.

Ɗan Tibiri:
Ashe dai 😂

Na Bagalam:
Ku duka kuna baya. Kamfanonin sun koma kan sabon salon kamara marar madubi a ciki, Canon R50 da R100 sun hito 2023, kamarar da kanta ke bin idon mutum. Ki ƙara haƙuri ki sake zagayen adashi guda.

Ɗan Tibiri:
Ta ce biki ya matso kai kana cewa ta sake adashi. Kuma marar madubi cin batiri gare ta, da ka cire objektif kaftar na nan tsirara. Ka tuna ƙurar hunturu ta Maraɗi. Ni ko tawa mai madubi ba na canza objektif a waje, sai na shiga ɗaki na kashe fanka na kifa bakinta ƙasa, in ba haka ba sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a sararin sama cikin kowane hoto.

Na Bagalam:
Ni matsalata ma ba ƙura ba ce, aro ne. Ƙanen matata ya ɗauki tawa zuwa Madarunfa yawon tabki da abokai, ya maido ta murfi babu, yashi cikin zoben zum yana ƙaras ƙaras, da na yi magana anka ce na wulaƙanta surukai. Ƙanwata duk wadda kika saya ki ce ta mutane ce.

Ƙanwar Mai Ɗunki:
Malam na ji bayaninka Allah shi saka, amma 600D ai ta 2011 ce na duba, waccan kuwa 2018, ƙaƙa zan bar sabuwa in ɗauki tsohuwa? Kuma ba kullum cikin ɗaki ba ne, wani wunin a tsakar gida ake yi ƙarƙashin tanti. Maganar makirofo kuma ai waƙa ake ɗorawa bisa bidiyon biki, ba wanda ke sauraren surutu. Mai butik ɗin ma sanin yayata ne ba zai cuce ni ba, shi ya sa hal na ba shi abans jika 50 shi aje min.

Maman Walida:
Innalillahi. To shawarar mi kike nema ɗiyata bayan kin biya?

Ɗan Tibiri:
Da wannan za ki fara tun sama. Nawa ne kuɗɗin duka? Sau biyu kenan ina tambaya.

Malamin Lise:
Shekarar hitowa ba ita ce daraja ba, dukansu megafiksel 18 ne, 4000D an rage mata kaya ne don ta yi araha. Amma tunda abans ya shiga, ki roƙe shi ya amshi dogon ya musanya miki da 50mm ko filash, kuma a ɗora filash ɗin a gwada gabanki. Ki tahi da kart ɗinki, ki ɗauki farin bango a f/16 ki buɗa hoton a ordinatar ki duba ɗigo, ki haska fitilar waya cikin gilashin ki ga ko da hazo, a duba miki adadin hotunan da ta taɓa ɗauka.

Baban Studiyo:
Ta bar mishi jika 50 ɗin sadaka. Gara asarar 50 da ta 250. Na faɗa kuma za ku tuna.

Ƙanwar Mai Ɗunki:
Haba Alhaji, kuɗɗin akuyata ne fa. Dogon kuma gaskiya ba na son rabuwa da shi, ko don hawan sallah. Zan dai yi shawara da yayata. Wai f/16 ɗin nan ta ina ake sa shi?

Na Bagalam:
Tunda ana maganar, akwai mai cajar batirin LP-E8 ta saidawa cikin gari? Tawa ita ma ba ta dawo daga Madarunfa ba.