Neman shawara: ina jin miksin ɗina da matsala, amma ban san inda zan taɓa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon haɗa sauti a Gusau, da manhajar FL Studio da hedfon nake aiki. In na gama waƙa, a kunnena tas take, amma da an sa ta a mota ko a waya sai muryar mawaƙi ta nutse, kalangu ya danne komai. Kunnen miksin horar da shi ake yi, ko baiwa ce? Don Allah ku taimaka.

Wani mai situdiyo a Kaura Namoda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Horar da shi ake yi, kuma tunda har kana jin akwai matsala, kunnen yana nan. Abin da ya rage ka iya cewa "a nan take".

Ɗauki waƙar da ka sani sarai, ka sa mata EQ, wato abin da ake ɗaga ko rage wani sashen sauti da shi. Ɗaga 250 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramar lamba kauri, babba siranta) da desibel 12 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ka saurara, ka kashe, ka sake kunnawa. Haka za ka bi 125, 500, 1000, 2000, 4000 da 8000. Kowanne da halinsa. Tsakanin 200 da 400 ne sauti ke cunkushewa kamar ana magana cikin randa, kuma ina zargin nan kalangunka da muryar suke karo. Daga 2000 zuwa 5000 kalmomi ke fitowa fili, in ya yi yawa kuma ya soki kunne. Sama da 5000 ne "s" da "sh" ke tsini.

Daga nan ka sa abokinka ya riƙa ɗagawa kai ka juya baya kana faɗin lambar. In ka fara dacewa, ku sauko desibel 6, sannan 3. Kaɗan kullum ya fi wuni guda a mako.

Wata mai haɗa shirye-shiryen rediyo:
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Kafin ka kwatanta gyararre da na asali, daidaita ƙarfinsu. Kuma tun 1933 masu binciken sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne bai jin bas, wato sauti mai kauri, sosai. Don haka zaɓi matsakaicin ƙarfi ɗaya ka tsaya a kai.

Mai tambaya:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To hedfon kaɗai ya isa?

Wani mai sifikun taro a Talata Mafara:
Don horo ya isa, don yanke hukunci bai isa ba. Sifikar waya ba ta fitar da bas mai zurfi, kuma yawancin masu sauraronka da ita za su ji. Mayar da waƙar mono, wato ka haɗe sautin hagu da na dama wuri ɗaya, ka ji ta a waya kusa da wata da ka yarda da miksin ɗinta. In ka ji gunji a ƙasa tun kafin a fara kiɗa, duba 50 Hz, na wutar lantarki ne, sau da yawa daga wayoyi ko rashin wayar ƙasa (earth).

Kuma ɗan'uwa, ka ji tausayin kunnenka. Desibel 85 na awa 8 ne iyakar da masana lafiya ke bayarwa. In ka cire hedfon ka ji kunne na ƙara, rufe kwamfutar sai gobe.