Ƙanina yana karɓar kuɗi ta MoMo ɗina, in hana shi?

Maman Hafsa, Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanina mai gyaran waya ne a Circle, nan Accra. Wata uku ke nan ana turo masa kuɗi ta MoMo ɗina (asusun kuɗi na waya), wai nasa ya cika. In na cire masa, sai ya ba ni sidi 50. Masu turowar ko ɗaya ban sani ba. Shekaranjiya ya bar wayarsa tana caji a shagona, saƙo ya shigo ta Signal, na buɗe, kafin in sallami mai sayen sukari ya goge kansa. Ga VPN, ga wani abu wai Tor, waɗanda aka ce suna ɓoye sawun mutum a intanet. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, kare sirri ne kawai." Gabana sai faɗuwa yake. Sakawa ce, wato damfara ta intanet?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, Signal ba laifi ba ne. Yana kulle saƙo ne tun daga wayarki, ba mai mabuɗin sai wanda aka aika wa, ko kamfanin ba ya iya karantawa. WhatsApp ɗin da ke hannunki ma haka yake tun 2016. 'Yan jarida da lauyoyi na amfani da shi, ɓarayi ma haka. Ni ba wannan ya dame ni ba, MoMo ɗinki ne. Hirarsu a kulle take, amma kuɗin ba ya ɓuya, kuma layin da Ghana Card ɗinki aka yi masa rajista. In wanda aka damfara ya kai ƙara, ƙofarki za a ƙwanƙwasa.

Abdul Mamobi: Yaran nan gani suke ba a iya kama su. A 2021 aka gano manhajar ANOM da masu laifi ke taƙama da ita, ashe FBI, hukumar bincike ta Amurka, ce ke riƙe da ita, tana karanta komai.

Hajiya Mariya: Ƙanwata, kar ki fara da faɗa. Ki ce ya nuna miki abin da yake sayarwa da wanda ya saya. Mai gyaran waya ba ya rasa rasit. In ya kama kame-kame, a kira kawunku a zauna.

Baban Sadik: Ki canza PIN yau, kuma kar ki goge saƙonnin shigowar kuɗin. In abin ya wuce na gida, 292 ce lambar hukumar tsaron intanet ta Ghana.

Maman Hafsa: Na gode, Allah ya saka. Na canza. Yanzun nan sidi 1,800 suka sake shigowa, ban taɓa ba. Ga shi can yana ta kira.