Na ce wa oga "ba komai", ashe ni yake tuhuma

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Direba ne ni wajen wani ɗan Sin da ke aikin gini nan Daura. Shekaranjiya aka bar janareto a kunne har man ya ƙone tas. Da safe ya fito yana ɗaga murya, "Ni! Ni!" Da yake yana tsintar Hausa ɗaya-ɗaya, sai na ɗauka laifinsa yake amsawa. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ba komai oga, ɗan Adam ajizi ne." Tun lokacin ko kallona ba ya yi. Kuma gaskiya ni na manta ban kashe ba. Ya zan yi?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tafka ta! A Sinanci "ni" na nufin KAI. Ba ka jin suna gaisuwa da "ni hao"? Wato "kai lafiya". In mutum zai ce "ni" irin namu, "wo" yake cewa. Farkon zuwana Gwanju saro kaya, mai shago ya riƙa ce min "ni, ni", na tsaya ina jiran ya faɗi abin da ya same shi, ashe ni yake tambaya guda nawa zan ɗauka. Je ka same shi shi kaɗai, ka ce "dui bu ci", shi ne yi haƙurinsu. Kada ka sake dafa shi.

Malama Hadiza, Ƙofar Sauri: Wannan kalma ta zaga duniya. A Japananci biyu ce, a yaren Denmak da Nowe tara, a Swahili kamar "ne" ɗinmu. Abin mamaki, mutanen Bask da ke tsakanin Sifen da Faransa suna faɗin ta da ma'anarmu sak, alhali ba dangin iya ba na baba. Kai ma kula da muryarka in za ka ba shi haƙuri, don Sinanci karin sauti huɗu gare shi. Yadda muke raba kukan yaro da kukar miya, haka "ma" ɗinsu ke zama uwa ko doki.

Sani Mai Walda: Malama, duk wannan ba zai mayar da man ba. Ka sayi galan ɗaya ka ajiye gaban janareton kafin ya tashi barci, sannan ka yi dui bu cin.

Mai tambaya: Na gode. Amma galan a tsadar nan, Sani? Bari in fara gwada na Baban Khalil tukuna.