Barguna tara da mahaifiyarmu ta bari: mu ajiye ko mu bayar?

Ɗiyar Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da 'yan uwa a kan wata magana da ta raba mana kai a gida. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta rasu bara a nan unguwar Birni ta Damagaram, kuma da muka buɗe adakarta sai muka tarar da barguna tara a ninke. Uku daga ciki luru ne, waɗanda ita da kanta ta gurza audugarsu, ta shiɓe, ta kaɗa zaren da mazari tun tana amarya, sannan ta kai wa masaƙi. Ɗaya fari ne tas, biyu kuwa suna da ratsin baba. Sauran shidan ɗinkinta ne na shekarun tsufa, lokacin da takan tattaro ƙyallayen atamfa da shadda daga wurin teloli, ta harhaɗa su da allura, ta yi musu shafi da tsohon zane har su yi kaurin da zai tare sanyi.

Mu biyar ta haifa, maza biyu da mata uku, kuma mahaifinmu da iyayenta duk sun riga ta. Autanmu namiji ya bi ta bayan watanni kaɗan, ya bar yara ƙanana. Babban yayanmu yana ganin tunda hunturu ya ƙarato, a kwashe su duka a kai makarantar allo domin ladan ya isa gare ta. Ni kuwa hankalina bai kwanta da rabuwa da su ba, alhali na san ɗakina ba shi da wurin ajiye barguna tara. Me kuke gani ya fi dacewa?

Malamin Zaure:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta musu, Ya raya abin da suka bari. Ƙanwata, kafin a kai ga ajiyewa ko bayarwa, akwai tambayar da ta riga su, wato ta wanda ya mallaki bargunan a yau. Duk abin da mamaci ya bari, ko da allura ce, gado ne, kuma niyyar yayanku, duk da kyawunta, ba ta ba shi ikon yin sadaka da haƙƙin waninsa ba. Bisa yadda kika lissafa magadan, bayan biyan bashi da zartar da wasiyya idan akwai, dukiyar za ta kasu kashi 7, kowane namiji ya ɗauki 2, kowace mace ta ɗauki 1, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Tunda autanku ya rayu bayan mahaifiyarku, rabonsa ya tabbata, ya koma ga nasa magadan, cikinsu har da marayun nan, kuma ba a kyauta da dukiyar maraya ko da waliyyinsa ya so.

Hanya mai sauƙi ita ce ku samo wanda ya san kuɗin irin wannan kaya ya yi wa kowane bargo ƙima, sannan wanda yake son wani ya ɗauka a cikin rabonsa, idan ya zarce ya cika da kuɗi. Bayan haka kowane baligi yana da damar yin sadaka da nasa a madadinta, kuma hakan yana da asali, domin Sa'adu ɗan Ubada ya yi sadaka da gonarsa a madadin mahaifiyarsa da yardar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Tsohon Mushe (malamin makaranta) na Zango:

Malam ya gama maganar shari'a, ni zan tsaya a kan lurun nan guda uku, domin a ganina bai kamata a haɗa su lissafi ɗaya da na ƙyalle ba. Malama, ki zaga kasuwar Dole ranar Alhamis ki duba matan da suke kawo zaren kaɗi ko abawa, sannan ki kwatanta su da tulin bargunan masana'anta da na gwanjo da ke jibge a rumfuna. Bargon ƙyalle, duk wadda take da haƙuri da allura za ta iya ɗinka wani gobe. Luru kuwa sai an sami mai kaɗi, an sami masaƙi, an sami marini mai tsoma zare a baba na gaskiya, kuma waɗannan hannaye uku ba su cika haɗuwa a gari ɗaya yanzu ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango tsakanin Kano da Agadas, tufafin saƙa da na rini suna cikin manyan hajojin da ke ratsa Damagaram. Abin da yake cika kasuwa a da shi ne yau ake zuwa kallo a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

Akwai kuma abin da yayanku bai hango ba. Luru yana da nauyi, wankinsa yana cin ruwa, kuma mu mazauna garin nan mun san yadda ruwa yake tsada idan rani ya tsananta. Yaron da yake kwana a zaure tare da yara da dama ba shi da inda zai adana shi, kuma dillalan tsofaffin kaya suna gane shi tun daga nesa, sai ka ji an karɓe shi a hannun yaro da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Idan ana son almajirai su ji ɗumi, wanda ya ɗauki luru a rabonsa ya cire wasu jikkuna ya saya musu sababbin barguna marasa nauyi, masu saurin bushewa. Sun fi musu amfani, lurun kuma ya zauna a cikin zuri'a.

Hajiya ta Mirya:

Ɗiyata, na yarda da mushe a kan lurun, amma ina jin tsoron kada ki fahimci ajiya da ma'anar a mayar da su cikin adaka a sa kwaɗo. Na ga gidajen da aka yi haka, aka ƙi ba kowa saboda ƙauna, ranar da aka tashi buɗewa sai aka tarar gara ta shiga ta ƙasa, kusu ya yi sheƙa a tsakiya, tsatsar ƙarfe kuma ta yi jan tambari a kan farar saƙa. Mahaifiyarki ba ta zauna tana tsiyayar da idonta a kan allura domin gara ba. Na ƙyallen nan shida don a rufa aka yi su, saboda haka bayan an fitar da haƙƙin marayu ku bar su su shiga hannun masu rufa. Ni da zan zaɓa, zan fara da mutanen da suka san ta: tsohuwar maƙwabciyar da suke hira tare, ko wata gwaggonku da ƙarfinta ya ƙare. Wadda ta san mai ɗinkin za ta riƙa yi mata addu'a da sunanta, kuma ba za ta shimfiɗa wa awaki shi ba. Ki kuma duba su da kyau kafin a raba, domin sau da yawa a irin wannan ɗinki za ki ga yankin ankon bikin wata a cikinku, ko guntun rigar mahaifinku, kuma wanda yake da irin wannan shi ya kamata ya tsaya a gida.

Game da lurun da za ki riƙe, kada ki ƙulle shi cikin leda, domin damshin damina ba ya samun hanyar fita, sai ya yi fumfuna. Ki naɗe shi cikin tsohon farin zane mai tsabta, ki shimfiɗa wani a ƙasan adakar don kada ya taɓa ƙarfe, ki ɗora adakar a kan bulo nesa da bango, ki zuba busasshen ganyen dogon yaro ko kafur a kusurwoyi. Da zarar damina ta ɗauke ki fito da shi ya sha iska a inuwa, kuma idan za ki mayar ki sauya wurin ninkin, saboda zare a kan layin ninki yake fara karyewa.

Ɗiyar Birni:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa yayanmu bayanin Malam, ya amince a yi ƙima a fara ware rabon yaran autanmu, kuma matar autan namu ta nemi a ba su farin lurun a cikin nasu. Ni zan ɗauki ɗaya mai ratsin baba in cika kuɗi. Sai dai, Hajiya, yana da ɗan warin ajiya da wani tabo a gefe. Zan iya ba mai wanki, ko akwai yadda ake yi masa?

Hajiya ta Mirya:

Kada ki ba mai wanki, ɗiyata, domin zai buga shi a kan dutse ya murɗe shi, kuma zaren da ya shekara haka ba zai jure ba. Ki fara shanya shi a inuwa kwana biyu, sau da yawa warin yakan tafi da kansa. Idan wankin ya zama dole, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan ratsin baban ki ga ko yana zuba. Sannan ki wanke shi shi kaɗai a babbar roba da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban da garin omo mai ƙarfi, ki riƙa dannawa da tafin hannu, kada ki cuɗa. Wajen shanya ki baza shi a kan tabarma, don idan kika rataya shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwan zai ɓalle ɗinkin da ya haɗa saƙar. Tabon kuwa, idan na tsatsa ne, ki bar shi yadda yake, domin abin da zai fitar da shi yana iya cin zaren.